Barcin Ƙwan Hawainiya

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ɗaga sama, ya ba zafi lokacinsa, ya ba sanyi nasa. Ku matso ku ji, ku da ke zaune a inuwar da ba ku san yadda aka yi ta tsira ba. Ni ne Korau ɗan Tunau, mai lambun ɓaure a Dausayin Kalgawa, can bayan inda ayari ke ƙare tafiya. Na ratsa filin da rana biyu ke fitowa a kansa, na haye tsaunin da numfashi ke daskarewa a gemu, na shiga tekun da kumfarsa ta fi maɗaci ɗaci. Duk wannan ban ji haushinsa ba. Abin da har yau in na tuna nake jin wuyana ya ɗau zafi, mutane ne.

Dausayinmu da ɓaure da dabino yake rayuwa. Tun ina yaro kowace bishiya akwai hawainiya a kanta, babu wanda ya damu da su, babu wanda ya tambayi abin da suke ci. Sai wani boka mai suna Buwayi ya sauka a garin, ya ce in an busar da fatar hawainiya aka niƙa ta a cikin kwalli, duk wanda ya sa zai yi farin jini. Manya da gemunsu suka shiga lambuna da sanduna. Cikin shekara uku, ko hawainiya ɗaya ba ta rage ba. A shekara ta huɗu fara mai jan kai ta fito daga kogunan dutsen arewa, kamar yadda ashe take fitowa kowace bazara hawainiya na cinye ta ba mu sani ba. Ta sauka a kanmu babu mai tare ta. Shekara biyu a jere ta bar mana itatuwa tsirara.

Ranar da aka taru a ƙofar Magajin gari ana ta "sai addu'a, sai haƙuri", na miƙe na faɗa musu abin da suka yi, ɗaya bayan ɗaya, da sunayensu. Magaji ya bari na gama, sannan ya ce, "To Korau, tunda bakinka ya fi na kowa kaifi, sai ka je ka nemo mana wasu hawainiyoyin. Fatake sun ce akwai su a Tsibirin Lumshi."

Na ce na ji, zan tafi. Aka haɗa ni da Jatau, ƙanin matata Yalwa. Jatau mutum ne mai kyakkyawar zuciya da gaggawar hannu, irin wanda ba ya iya ganin tukunya a rufe bai ɗaga murfin ba.

Wata huɗu muka yi a hanya, don sai da muka yi ta ɓata muna tambaya. Da muka sauka a tsibirin sai na tsaya baki buɗe. Hawainiyar can girman ɗan akuya gare ta, kuma yawansu ya sa daji guda yakan tashi kore da safe, ya koma ruwan goro da hantsi, ya yi shuɗi kafin la'asar. Mai kula da su wata tsohuwa ce, Iya Kandala, gajeriya mai faffaɗan tafin hannu. Na durƙusa na gaishe ta na faɗi buƙatata.

Ta ce, "Me ya cinye naku?"

Na ce, "Mu ne, Iya. Kwalli muka yi da su."

Ta kalle ni sama da ƙasa. Sannan ta tofar da yawu gefe ta ce, "Da na kore ku da tsintsiya, sai dai itatuwan ba su yi laifi ba. Babba ba ta haye teku da rai. Ƙwai za ku ɗauka, kuma ba za ku taɓa ko ɗaya ba sai kun yi mini kwana arba'in kuna ɗebo yashi."

Muka yi. A kwanakin nan ta nuna mini yadda uwar ke haƙa rami ta binne ƙwai, farare masu laushin fata kamar jaka, ba su fi na kurciya girma ba. Ta koya mini jiƙa yashi daidai: in ka dunƙule shi ya tsaya, amma ko ɗigo kada ya faɗo. Ta sa na ɗiga gawayi a saman kowane ƙwai, ta ce yadda aka same shi kwance haka zai zauna, in ya juya abin da ke ciki ya nutse.

Ranar da za mu tashi ta zaunar da mu biyu a gabanta.

"Ku buɗe kunnenku. Wannan ba ƙwan kaza ba ne da za a ce zafi kawai yake so. Kwana arba'in na farko ɗumi yake so, wannan na yi muku shi a nan. Daga yau abin da ke ciki ya tsaya cak. Ba ya girma, ba ya mutuwa, barci yake yi, har kwana casa'in. In ka haska shi a rana ba abin da za ka gani sai gwaiduwa, a nan ne marasa haƙuri ke cewa ya lalace. A barcin nan sanyi ne abincinsa. Ka ɗumama shi, ya farka ba shiri ya mutu a ciki."

Na ce, "Iya, yaya zan san sanyin ya yi daidai?"

Ta ɗauko ɓawon kaguwa biyu, ta zuba man shanu a ɗaya, man gyaɗa a ɗaya, ta ajiye su cikin tukunya kusa da ƙwan. "Man shanu ya zauna a daskare, man gyaɗa kuma kada ya yi barci. Tsakanin biyun nan ne gidansu. Idan kwana casa'in sun cika, ka riƙa ƙara ɗumi kaɗan-kaɗan, har man shanu ya yi laushi a yatsa amma bai malale ba. Ka riƙe su haka wata biyu." Ta juya ga Jatau. "Kai mai ido kamar na kuturun ɓera, ka ji abin da na ce?"

Jatau ya yi dariya ya ce, "Na ji, Iya, ai magana ce mai sauƙi."

Ta ba mu ƙwai arba'in, a tukwane biyu, ashirin-ashirin, kowace da nata ɓawon man shanu da na man gyaɗa.

Teku bai ba mu wahala ba, don iskarsa sanyi-sanyi ce. A Mashigar Iska, bisa tsaunin nan mai ƙanƙara, man gyaɗa ya fara yin fari a gefe-gefe. Na cire bargona na naɗe tukwanen, ni kuma na yi ta karkarwa cikin riga ɗaya. Man ya saki, hankalina ya kwanta. Kwana talatin da huɗu ke nan da fara barcin.

Washegari da hantsi ruwanmu ya ƙare. Na ce wa Jatau ya zauna da kaya, na gangara kwazazzabo neman inda ƙanƙara ta narke. Ban dawo ba sai azahar. Tun daga nesa na hango hayaƙi. Na yar da salka na ruga. Tukunya ɗaya tana kan duwatsu uku a bakin wuta, ba bargo, gefenta har ya yi baƙi. Na fizge ta na buɗe. Man shanu ya zama ruwa, yana yawo a ɓawonsa.

Jatau ya miƙe yana murmushi. "Yaya, na taɓa su ne na ji kamar ƙanƙara, tausayi ya kama ni. Kuma na ga in sun ɗan ji ɗumi za su yi saurin fitowa, mu riga farar isa gida. Ɗayar ma yanzu nake shirin..."

Ban san lokacin da na shaƙe wuyan rigarsa ba. Na haɗa bayansa da dutse.

"Tausayi? A gabanka tsohuwar nan ta yi magana ko a bayanka? Ba kai ta kira ta tambaya ba? Wata huɗu muna tafiya, kwana arba'in muna dakon yashi kamar jakuna, rabin yini kawai na ba ka baya! Itatuwan ubanka ne za su mutu, Jatau, ba nawa kaɗai ba. 'Ya'yan 'yar'uwarka ne za su ci ƙasa!"

Ya ce, "Yaya, wallahi alheri na nufa."

"Buwayi ma da ya zo alheri ya ce ya kawo mana!"

Na sake shi don na ji hannuna na neman yin abin da ba zan iya kallon Yalwa bayansa ba. Na ci gaba da ɗaukar tukunyar nan kwana takwas ina fata. Ƙwan suka lotsa ɗaya bayan ɗaya, suka yi rawaya, fumfuna ta rufe su. Na miƙa masa tukunyar na nuna masa ƙasa da yatsa. Ya haƙa rami ya binne su yana sharar hawaye. Daga ranar bakina ya rufe a kansa. In abinci ne in tura masa, in tafiya ce in miƙe ya biyo ni.

Muka gangaro Filin Rana Biyu. A can babbar rana na fitowa daga gabas, ƙaramar, ja kamar garwashi, ta biyo ta daga kudu, mutum ya ga inuwarsa biyu kuma babu wadda za ta ishe shi fakewa. A ƙauyen bakin filin na nemi babbar randa, na sa tukunyar ƙwan a cikinta, na cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, na rufe da jiƙaƙƙen tsumma, yadda matanmu ke sanyaya ruwa. Muka rataye ta a sanda muka saɓa, shi a gaba ni a baya. Kwana biyu dabarar ta yi aiki. A na uku tsumman na bushewa kafin in gama jiƙa shi, kuma da na leƙa sai na ga man shanu ya fara ƙyalli.

Ina tsaye na rasa abin yi, sai ƙasa ta fara girgiza a hankali. Garken kunkuru ne, kowanne ya kai girman ɗakin soro, suna tafiya a jere za su gulbin da ke ƙarshen filin. Jatau ya dube su, ya dube ni, ya ja sandar. Ba yadda zan yi, na bi shi. Muka sunkuya muka shige ƙarƙashin cikin wani babba daga cikinsu. Inuwa ce mai kauri, ƙasan ɓawonsa kuma sanyi kamar dutsen rafi. Muka yi ta takawa a duƙe daidai da takunsa.

Abin da ba mu sani ba, idan ranakun biyu suka haɗu a tsaka, kunkurun kwanciya yake yi. Ranar farko na ga wuyansa na janyewa ciki, rufin da ke kanmu na saukowa. Na hankaɗa Jatau da sandar, muka faɗa waje da randar a rungume, ɓawon ya daki ƙasa a inda muka baro har ƙura ta turnuƙe mu. Daga nan muka gane alamarsa. In ya janye wuya mu fito mu raɓe a gefensa, in ya miƙe mu koma. Kwana shida muka yi haka. Ruwa ya yi ƙaranci har muka koma kurɓi uku a yini. Sau biyu na ga Jatau ya kai ƙoƙo bakinsa kamar zai sha, in na kau da kai ya juye shi cikin yashin randar. Leɓɓansa sun tsattsage har jini. Na gani, ban ce komai ba, don duk lokacin da na so buɗe baki sai in tuna man shanun nan yana yawo a ɓawonsa.

Muka iso gida saura kwana ashirin da biyu barcin ya cika, ga bazara ta kama. Ƙwai huɗu sun lalace a filin, saura sha shida. Babu ɗakin da ke da sanyin da ake buƙata a garin, sai wata tsohuwar rijiya a bayan lambuna da ta ƙafe tun zamanin kakana. A zurfin gaba goma sha biyu akwai wani lungu a jikinta. Na sauka da tukunyar, na jira, na duba. Man shanu a daskare, man gyaɗa a sake. Nan na tare, Yalwa na zuro mini abinci a guga.

Kwana uku da isowarmu Magaji ya aiko a kira ni. Na tarar da Buwayi zaune a gefensa, idanu raɗau da kwalli.

Magaji ya ce, "Korau, mun aike ka ka kawo hawainiya, ka dawo ka shige rami da tukunya. Fara ta kusa. Akwai kaji masu kwanci a kowane gida, ga kuma ɗakin gasa burodi. A raba ƙwan a ɗumama su."

Na ce, "Ranka ya daɗe, barci suke yi. Duk wanda ya ɗumama su yanzu ya kashe su."

Buwayi ya yi murmushi. "Ni na aika an leƙa kana jiran iso a ƙofa. An haska ɗaya, ba komai a ciki. Wace halitta ce ake ƙyanƙyasarta a sanyi? Mutumin nan ya ɓatar da guzurin gari ne yake ɓoye kunyarsa a rijiya."

Na juya gare shi. "Wa ka aika ya taɓa mini ƙwai? Kai da ka mayar da dausayi guda kwalli, har kana da bakin da za ka koya wa wani kiwo? Ina farin jinin da ka sayar musu? Dubi fuskokinsu, duk yunwa ce!" Na koma ga Magaji. "Ranka ya daɗe, ka sa a ɗaure ni in ka so. Amma wanda ya sake sauka rijiyar nan, da fartanya zan tarye shi, ko ɗan wane ne."

Aka yi ta salati ana cewa na yi rashin kunya. Na fita ban nemi izini ba. Da na koma na duba, ƙwai ɗaya ɗigon gawayinsa na kallon ƙasa. Saura sha biyar.

Kwana casa'in suka cika. Na ɗaura wa tukunyar igiya, kowane kwana uku in ɗago ta gaba ɗaya, in kafa mata itace a jikin rijiyar ta zauna. Da ta kai gaba biyu da baki, man shanu ya yi laushi a yatsana bai malale ba, na tsaya nan. Bayan mako uku na ɗauki ɗaya a hankali na haska shi a tsakanin tafukana. Na ga jajayen zare sirara sun bazu a ciki kamar saiwar ciyawa. Na mayar da shi cikin yashi, ɗigon gawayinsa na kallon sama.

Sannan fara ta zo. Kwana biyar sama ta yi duhu da tsakar rana, ba ka jin komai sai ƙarar cin ganye. A rana ta shida da hantsi na ji hayaniya na matsowa. Buwayi ya zaga gari ya ce ƙwan da ke rijiya su suka kira farar. Na ɗaga kai na ga dammunan ciyawa da wuta a hannun mutane, za su cusa a rijiyar da ni a ciki.

Kafin in hau sai haske ya toshe. Jatau ne ya kwanta a kan bakin rijiyar ya riƙe itacen guga da hannu biyu. Ina jin muryarsa yana cewa, "Sai dai ku ƙone ni! Ni na kashe ashirin da hannuna saboda irin wannan tunanin naku, na san abin da nake faɗa!" Na ji sanduna na sauka a bayansa. Na ji wani sauti kamar an karya busasshen reshe, ya yi ƙara, amma bai sauka ba.

Na buɗe tukunya na ɗauki ƙwai ɗaya, na hau, na ture ƙafarsa na fito ta gefe. Na ratsa su kai tsaye har gaban Magaji, wanda ke tsaye a baya yana kallo bai hana ba. Na kama hannun rigarsa, abin da ba a taɓa yi ba, na ɗaga ƙwan a rana cikin tafukana.

"Duba! Sa idonka nan ka duba, kai da aka ba amanar gari!"

Ya so ja da baya, na riƙe shi. Ya sunkuyo ya kara ido. A cikin jan hasken nan wani ɗan abu mai lanƙwasasshiyar jela ya motsa, ya sake motsawa. Magaji ya ɗago fuskarsa ta canza. Ya ce da ƙaramar murya, "A kashe wutar nan." Ya sake faɗa da ƙarfi. Mutane suka fara zubar da ciyawa suna sulalewa ɗaya-ɗaya, kowa na kallon ƙasa. Buwayi kuwa tun kafin a gama watsewa aka neme shi aka rasa, ya bar garin da jakarsa.

Ƙwan da na nuna bai rayu ba, rana da girgiza sun yi masa yawa. Na san haka tun ina ɗauko shi, kuma har gobe ban yafe wa waɗanda suka sa ni zaɓen ba.

Mai ɗori ya ɗaure wa Jatau hannu da kara. Da damina ta sauka iska ta yi daidai, na mayar da tukunyar ɗakina. Kullum Jatau sai ya zo ya zauna a bakin ƙofa, ba ya shiga, ba ya magana, ni ma ban ce ya shigo ba. Yalwa ta gaji da roƙona in yafe masa ta bari.

Wata safiya bayan na karya kumallo na buɗe tukunya na ga ƙwan sun yi gumi, ƙananan ɗigon ruwa a jikinsu, sun ɗan motse. Kafin azahar ɗaya ya tsage a kai, wani ɗan hanci ya leƙo ya tsaya. Ban taimake shi ba, Iya Kandala ta hana. Kwana biyu suna fitowa. Uku ba su tsage ba. Sha ɗaya suka fito, kowace ba ta fi ɗan yatsana ba, toka-toka, idanu na juyawa kowanne ɓangarensa. Sha ɗayan nan su ne kakannin duk hawainiyar da kuke gani yau a dausayi, amma kafin su yi yawan da za su tare fara sai da aka yi shekara huɗu, itatuwa sama da ɗari uku suka mutu, har da ɓauren da ubana ya dasa.

A rana ta biyu ta ƙyanƙyasar ina ƙirga su cikin kwando sai na ga goma. Na ɗaga tabarma, na leƙa bayan randa, babu ita. Da na juyo wajen ƙofa sai na ga Jatau ya ƙame kamar itace, ya riƙe numfashi, idanunsa sun firfito. 'Yar ƙaramar ta ratsa ɗaki ta haye ƙafarsa, ta kama karan ɗorinsa, tana hawa tana rangaji gaba da baya, launinta na komawa irin na karan. Na ga lafiyayyen hannunsa ya fara ɗagowa zai kama ta.

Na daka masa tsawa, "Kada ka taɓa ta, Jatau! Sauke hannun nan!"

Ya sauke. Hawaye suka zubo masa, ya ce, "Yaya, ka kira sunana."

Na ce, "Na kira. Yi mini shiru ka zauna yadda kake har ta sauka da kanta."

Ba ta sauka ba sai bayan la'asar. Ya zauna ko ƙuda bai kora ba, ni kuma na zauna kusa da shi ina gadin hannunsa. Da Yalwa ta kawo tuwo, a kwano ɗaya ta zubo mana.

Iyakar abin da idona ya gani ke nan, ban ƙara ba ban rage ba. Allah ya sa mu gama lafiya.